Yadin da Bahagwa Ta Zana

Na daɗe ina kokonton ko zane sana'a ce. Ban cika faɗa a fili ba, domin ana ganin wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana karatu a waje ya kamata ya fi haka wayewa. Amma ni aikin gada na koya, kuma a wurina aiki shi ne abin da za ka dawo bayan shekara ashirin ka tarar yana tsaye. Shi ya sa ranar da yayata ta kira ni ta ce 'yarta za ta zo birni zangon koyon aiki, in riƙa sa mata ido, na amsa da to, alhali a raina ina gefen uwar.

"Auta, ka saurare ni da kyau," in ji Yaya. "Zango ɗaya na ba ta. Zan zo da ƙafata in gani. In idona ya ga abin da zan kira aiki, ta ci gaba. In ban gani ba, ta tattara ta tafi makarantar jinya, har yanzu gurbinta na nan."

'Yar tata kowa Bahagwa yake ce mata, har malamanta. Yaya tela ce, kuma a ƙarƙashin teburin yanka yarinyar ta girma, tana tsintar guntun allin awo tana zane a bayan takardun da ake fitar da fasalin riga. A firamare an yi ta bugun hannun hagun har ta koyi rubutu da dama, amma zane ya ƙi ƙaura. Har yau da dama take sa hannu a takarda, da hagu take riƙe buroshi. Mahaifinta direban bas ne, duk abin da aka tambaye shi game da ita sai ya ce a tambayi uwarta. Shekararta ashirin da ɗaya, tana aji uku a sashen zane, ba ta da yawan magana sai an taɓo launi.

Ɗakin da ta kama a birni na hawa na uku ne, su huɗu a ciki, dukansu ɗalibai masu koyon aiki. Da rana ana jingine katifu a bango don a samu wurin taka ƙafa. Igiya ɗaya ta ratsa ɗakin, rabi kayan sawa, rabi takardun zane da aka maƙale da abin shanya. Akwai risho ɗaya da tukunya biyu, da jadawalin wanda zai ɗebo ruwa manne a bayan ƙofa, wanda ba a taɓa bi ba. Ɗaya daga cikinsu sarewa take koyo, kuma maƙwabta sun hana ta busawa a ɗaki, saboda haka a matattakala take yi, ana wucewa ana tsallake ta. Bahagwa kan fita da ƙarfe shida ta hau bas biyu kafin ta isa wurin aiki.

Wurin aikin gidan wasan kwaikwayo ne. A bayan dandamali akwai wani dogon ɗaki kamar sito, yana warin fenti da jiƙaƙƙen katako. A bangonsa na ƙarshe an rataye wani farin yadi a jikin ƙarfe, faɗinsa mita goma sha biyu, tsayinsa shida. A kansa ake zana abin da 'yan kallo za su gani a bayan 'yan wasa, gari ne ko daji ko cikin gida. Mai kula da ɗakin wani tsoho ne da kowa ke kira Oga. Da ƙuruciyarsa allunan shaguna da jikin manyan motoci yake rubutawa, sannan ya shigo nan ya yi shekara talatin.

Ranar farko Bahagwa ta fito da jakar ƙananan buroshinta, waɗanda ta yi shekara biyu tana tarawa. Oga ya ɗauki ɗaya ya juya shi.

"Ɗaliba, wannan na sa kwalli ne?"

Ya miƙa mata wani da aka ɗaure a bakin gora, kamar tsintsiyar share yanar gizo. Mako biyar ba ta zana komai ba. Wankin bokiti take yi, da dama fenti, da riƙe bakin igiyar da ake shafa wa gawayi a ja a saki don ta bar layi a jikin yadi. Duk ranar Asabar da na kai mata shinkafa da sabulu sai in tarar da faratanta sun yi shuɗi.

"Kawu, in Mama ta tambaya kada ka ce bokiti nake wankewa."

"To me zan ce?"

"Ka ce ana kan shiri."

A mako na shida kafaɗar Oga ta riƙe, ya kasa ɗaga hannu sama da kansa, ga babban wasa ya matso. Ya zauna a kan wata kujera mai karyayyen hannu ya ce mata ta hau tsani. Bakin kogi ake so, da sassafe, da jirage a ɗaure. Mako uku ta yi a kan yadin nan, shi yana ƙasa yana nuni da sanda yana cewa ta rage ƙwalisa, ba katin gayyata take yi ba. Ta rame, wuyanta ya sage, ta daina amsa waya sai lokacin cin abinci.

Kwana shida aka yi ana wasan. Na je a rana ta biyu, na zauna can baya. Da aka buɗe labule ban ji abin da 'yan wasan suka faɗa ba na tsawon minti biyar. Ruwan nan yana da zurfi. Akwai hazo a ɗaya gaɓar, kuma na kama kaina ina lissafin inda gada za ta fi dacewa. Na ɗauki hoto na tura wa Yaya. Ta amsa da cewa hoto a waya kowa na iya turowa.

Yaya ba ta samu zuwa cikin kwana shidan ba, saboda ta karɓi ɗinkin kayan makaranta na yara tamanin. Bahagwa ta ce ba komai, uwar ta zo ranar Litinin, washegarin rufe wasa, lokacin babu cunkoso, ta gani kusa da kusa har ta taɓa. A tunaninta in an gama wasa naɗe yadin ake yi a ajiye. Ranar da ta fara aiki ta tarar da shi fari, ta ɗauka sabo ne. Babu wanda ya gaya mata cewa yadi ɗaya tal gidan yake da shi, domin a wurin mutanen gidan wannan ba labari ba ne. Washegarin wasan ƙarshe ake shafe shi da fari, kuma wanda ya zana shi ne yake shafewa.

Da safiyar Litinin Bahagwa ta je ta tarar da bokiti huɗu na farin fenti an jera a gindin tsani. Daga baya ta ba ni labarin cewa sai da ta zauna a ƙasa. Ta roƙi Oga. Ya ce farin yana cin kwana ɗaya da rabi kafin ya bushe, wasa na gaba saura kwana goma sha biyu, amma zai jira zuwa ƙarfe goma saboda uwa. Motar da Yaya ta hau kuwa ta yi faci a hanya. Ƙarfe goma ta yi, ya ƙara rabin awa, sannan ya ce ta fara daga dama, kuma ba sai ta yi sauri ba.

Ni ban san komai ba. Na ɗauko Yaya daga tasha wajen sha biyu, ta sha sabon mayafi, tana riƙe da jakar da ta cika wa 'yarta da kaya. Muka shiga dogon ɗakin. Bahagwa na saman tsani da gora a hannun hagu, fari na ɗiga a gwiwar hannunta. Kashi biyu cikin uku na kogin ya tafi. Na tsaya a bakin ƙofa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne an kore ta, an sa ta goge aikinta don wulaƙanci.

Yaya ba ta tsaya ba. Ta taka har gaban yadin, ta ajiye jaka.

"Sauko."

"Mama, in na tsaya zai bushe da tabo."

"Me kike yi?"

"Shafewa nake yi."

"Na ga shafewa kike yi, ba makauniya ba ce ni. Aikin wa?"

"Nawa."

Yaya ta juya ta kalle ni kamar ni na riƙe gorar. Sannan ta matsa ga ɓangaren da ya rage, har hancinta ya kusa taɓa yadin. Ni ma na matso, kuma a nan na sake ruɗewa. Babu kogi. Wasu manyan shafe-shafe ne na shuɗi da toka da ruwan ƙasa, wani kan wani, kamar inda mai fenti ya goge buroshinsa. Abin da na ɗauka jirgi ne ranar wasa, baƙin layi biyu ne karkatattu.

"Wannan jagwalgwalon?" in ji Yaya a hankali. "Wata uku? Auta, hoton me ka turo mini?"

Bahagwa ta ci gaba da shafawa.

Oga ya taso daga kujerarsa yana dafe da kafaɗa. Ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

"Maman Ɗaliba, an ce ke tela ce."

"Haka ne."

"To in kin gama riga, a kan cinyarki kike duba ta ko a jikin mai ita?"

"Baba, ban yi tafiyar awa biyar don a yi mini tambayar 'yan aji ɗaya ba."

"Allah ya ba ki haƙuri. Taku ashirin kawai nake roƙo. Ki juya ki nufi ƙofa, kada ki waiwayo sai na ce."

Ta dube shi sama da ƙasa. Ina ganin furfurarsa ce ta sa ta yarda. Ta tafi tana buga takalmi, ni ina biye. Da muka kai ƙofa ya ce ta juyo.

Ta juyo. A kusurwar hagu, kusa da wannan farin bango, ga ruwa kwance, ga jirgi ɗaya ɗaure a turke, ga inuwarsa tana lanƙwasa a ƙarƙashinsa. Yaya ta kama gefen ƙofa. Ta koma gaban yadin da sauri, ta duba, ta dawo ƙofa da baya da baya. Sau uku ta yi haka. A na ukun ta tsaya a tsakiya tana taku ɗaya gaba, ɗaya baya, tana neman daidai inda jagwalgwalon ke zama ruwa.

"Ke, daga can sama yaya aka yi kika san abin da za a gani daga nan?"

"Sauka nake yi in zo in duba, Mama."

"Sau nawa?"

"Da farko sau hamsin a rana," in ji Oga. "Makon ƙarshe ko sau biyar ba ta yi. Ni sai da na shekara biyu."

Yaya ta je ta kama gefen yadin ta murza shi tsakanin yatsu, yadda take yi a kasuwa. Ya yi kauri kamar fata.

"Zane nawa ke ƙarƙashin nan?"

Oga ya ce, "Tun da aka sayo wannan, arba'in da ɗaya. Nata ne na arba'in da biyu."

"Kuma duk kai ka shafe naka da hannunka?"

"Wa zan ba? Wani zai yi da mugunta."

"Ku bar mata wannan kusurwar mana. Ku yanke, ni zan ɗinke muku wani a wurin, ba za a ga ɗinkin ba."

"Za a gani in an kunna fitila," in ji Bahagwa daga sama, ba tare da ta juyo ba. "Mama, ki matsa, zai ɗigo miki a mayafi."

Yaya ta ɗaga kai ta kalli 'yarta kamar yau ta fara jin muryarta. Sai ta ɗauki jakarta, ta ja wani bokiti da aka kife ta kai shi bakin ƙofa ta zauna. Daga nan ta kalli sauran. Bahagwa ta sauko ta gyara tsani, ta sake hawa. Hazo ya fara tafiya, sannan turken. Jirgin ne ƙarshe, kuma shafa uku ya ci. Ni na juya ina kallon bokitai. Yaya ba ta ɗauke ido ba har aka gama.

Da Bahagwa ta sauko, uwar ta ba ta jakar, ta ce akwai man shafawa a ciki, ta riƙa sa wa wuyan. Ta ce kuma ta yanke farcen nan. Yarinyar ba ta tambayi abin da ta yanke ba. Oga ya riga ya fito da igiya da gawayi yana cewa jibi da safe za a ja layi, cikin asibiti ake so wannan karon.

Na ɗauki Yaya a mota don in mayar da ita. Na bari sai da muka isa tasha, ta sa ƙafa ɗaya a bas, sannan na tambaye ta.

"Yaya, to me kika yanke? In an tambaye ni me zan ce?"

"Ka ce ta ƙarasa karatunta," in ji ta. "Kuma ka gaya wa tsohon nan ranar farko zan zo ganin asibitin. Ya ajiye mini kujera a layin baya."