Fegin da Aka Hana Taki

Gonarmu tana bakin hanyar da ta taso daga Ajingi ta nufi Gaya, duk mai zuwa cin kasuwa, da jaki ko a ƙafa, sai ya bi ta gefenta. Mahaifina ya san da haka, kuma ya ɗauki abin da zafi. Ko a shekarar da taki ya yi mana ƙaranci, layukan bakin hanya ba sa rasa rabonsu. Mutum ne marar yawan magana, ba shi da sarauta, ba shi da dukiyar a zo a gani, amma in aka ce gonar wane a yankinmu kowa ya san wadda ake nufi.

Ni kuwa a lokacin ina da shekara goma sha tara. Na gama firamare a Gaya na dawo gida, ban zama akawu ba, ban kuma zama manomin kirki ba. Fartanya ina riƙe ta, amma raina yana wani wuri. Ana nan, shekara biyu kafin babban farin nan da ya kashe shanu, aka turo mana sabon malamin gona, wani siririn mutum mai keke da hular kaki. Da ya ga ina iya karatu da awo sai ya riƙa tafiya da ni ƙauyuka. Wata rana muna hutawa a gindin tsamiya ya gaya mini cewa masu binciken noma suna son a yi gonar gwaji a wajenmu, kuma duk saurayin da ya kula da ita yadda aka tsara, za a tura sunansa makarantar koyon aikin gona. Gurbi ɗaya ne. Tun daga ranar ban ƙara tunanin komai ba sai wannan gurbin.

Ni ɗan fari ne, saboda haka Baba ba ya kiran sunana, ba ma ya duban fuskata in yana magana. Roƙon gona a wajensa ya fi ƙarfina. Malamin gona ne ya zo da kansa tare da mai unguwa, kuma albarkacin mai unguwa aka ba mu wani yanki. Muka ja igiya, muka kafa turaku, muka raba shi fegi huɗu daidai wa daida. Malamin gona ya yi wa Baba bayani: gero iri ɗaya za a shuka, rana ɗaya, noma ɗaya. Fegi uku za a ba su takin zamani, wani kaɗan, wani da dama, wani da yawa. Na huɗu ba za a sa masa komai ba, ko toka.

Baba ya dubi fegin na huɗu ya ce, “Shi wannan laifin me ya yi?”

Malamin gona ya yi dariya ya ce, “Ba laifi ya yi ba, Baba. Shi ne ma'auni. Sai an ga abin da ƙasa ta bayar ita kaɗai, sannan a san abin da takin ya ƙara.”

“Allah ya kyauta,” in ji Baba.

Takardar da aka aiko daga wajen masu binciken ita ta faɗi inda kowane fegi zai zauna, kuma da yake tsautsayi ba ya wuce ranarsa, fegin da aka hana taki shi ya faɗo a bakin hanya. Na lura da haka, malamin gona ma ya lura, amma takarda ta ce, mu kuwa a lokacin takarda ta fi mana kowa gaskiya.

Ruwa ya sauka, muka yi shuka, muka yi noman firi. Bayan an zuba taki da mako biyu bambanci ya fito fili. Fegi uku suka yi shar, ganye baƙi-ƙirin don kore, na huɗu kuwa ya tsaya tsamo-tsamo, rawaya, ko gwiwa bai kai ba. Ni daɗi nake ji, don abin da ake nema ke nan. Kullum da safe sai in zo da sandar awo in auna tsayi in rubuta, ina hura hanci.

Ranar kasuwa ce ta fara ɓata al'amari. Masu wucewa ba sa karanta allon bayanin gwajin da muka kafa, abin da ido ya gani shi suke faɗa. Wani ya rage tafiyar jakinsa ya yi wa Baba sannu da aiki, sannan ya tambaye shi ko lafiya yake bana. Wani tsoho daga Kademi, abokin wasan Baba, ya tsaya ya daɗe yana kallon geron, ya ce, “An ce ɗanka ya yi boko, ashe har gero ya koya wa azumi.” Mutane suka kwashe da dariya, ni ma na yi. Baba bai yi ba, ya sunkuya ya ci gaba da nomansa.

Da yamma Inna ta kira ni ta ce Baba ya ce a gaya wa yaron nan, ko ɗan kashin awaki ne a taimaka wa geron bakin hanya da shi. Amsar da na bayar har yau ina jin nauyinta. Na ce a gaya masa wannan aikin ilimi ne, ba noman gado ba ne, a bar wa waɗanda suka sani. Ban san ko Inna ta isar da maganar yadda na faɗe ta ba. Gidanmu dai danga ce ta kara, kuma Baba yana zaune a bayanta.

Ba a jima ba malamin gona ya tafi da ni Gaya kwana biyar don mu taya rabon maganin feshi. Da na dawo ban ga komai ba. Sai bayan kamar kwana goma, an yi ruwa biyu masu ƙarfi, na zo awo da safe na ga fegin na huɗu ya canja launi. Rawayar ta tafi, sababbin ganyaye sun fito faffaɗa. Na durƙusa na tona gindin wani gero da yatsa, sai ga kashin awaki gauraye da na tattabarun Baba, an binne shi a hankali an mayar da ƙasa an shafe. Na tona na gaba, haka. Na je ƙarshen layi, haka. Gindi ɗaya bai tsallake ba, aikin mutum ne da ya san abin da yake yi.

Abin da na yi bayan nan wauta ce, amma na yi ta. Na ɗauko ƙwarya na bi layi ina tono ina tsince kashin awaki ɗaya bayan ɗaya, ina zufa, ina waige kada wani ya gan ni. Wanda ruwa ya narkar ya riga ya shige ƙasa, na tattabara kuwa ko alamarsa babu. Ina cikin haka inuwar mutum ta rufe ni. Baba ne, da fartanya a kafaɗa.

Na ce, “Baba, an zuba wa fegin nan taki.” Ban iya cewa kai ka zuba ba.

Ya dubi hanya, ya ce, “Abu mai rai ne. Yana gabana yana jin yunwa, ga abinci a gida.”

“Sun ce kada a sa komai. Yanzu in suka gane, shi ke nan, makarantar ta wuce ni.”

Na ga a fuskarsa cewa bai taɓa haɗa abubuwan biyu ba. A ganinsa gwamnati gero take so, kuma wanda ya ba ta gero mai kyau a fegi huɗu ya fi wanda ya ba ta a uku. Ya ce, “Wa zai yi fushi don gona ta yi kyau?” Ya wuce. Na zauna a ƙasa da ƙwaryar kashin awaki a gabana, baƙin ciki kamar ya kashe ni.

Daga nan har kaka ban sami kwanciyar hankali ba. Kowa addu'a yake gero ya yi, ni ina addu'a nawa ya lalace. Sai ya ƙi. Ƙasar bakin hanya dama ta saba cin taki shekara da shekaru, da ta sami ɗan ƙari sai ta mayar da biki. Geron ya kamo na fegin farko, ya wuce shi, ya fitar da kai tare da na biyu. Masu zuwa kasuwa suka koma yabo, kowane yabo kuwa kamar an caka mini ƙaya.

Malamin gona ya zo duba aiki lokacin da gero yake bununi. Ya jingine kekensa, ya zaga fegin sau biyu, ya ce, “Ba abin da ya taɓa wannan?” Na ce babu, wataƙila ƙasar wajen ce mai ƙarfi. Ya dube ni, na dubi littafina. Da na gaya masa gaskiya a ranar, mai yiwuwa da ya san dabarar da zai yi, ko ya rubuta a soke fegin. Tsoro ya hana ni. Har na taɓa shiga fegin da wuƙa da nufin in rage zangarniya in jefar a bayan gari, na kama ta farko, sai na tuna an ƙirga kowane gindi an rubuta. Na mayar da wuƙar aljihu.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka girbe, kowane fegi aka ɗaure dammunansa daban, aka sa ranar awo. Jami'in masu binciken ya zo a mota, wani dattijo mai tabarau, mai sanyin murya. Aka rataya sikeli a reshen gawo. Mai unguwa ya zo, maƙwabta suka zo, har masu wucewa suka tsaya, don an ce yau za a ga ƙarfin takin zamani. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a ya tsaya a gefe.

Aka auna na farko, na biyu, na uku, jami'in yana rubutawa. Da aka ɗora na huɗu ya dubi sikeli, ya cire tabarau ya goge, ya ce a sake. Aka sake. Na huɗu ya fi na farko nesa, kaɗan ya rage ya kamo na biyu. Wani daga cikin jama'a ya ce ashe takin Bature ba wani abu ba ne, aka fara guna-guni. Malamin gona ya yi tsuru-tsuru, don wata uku yana yawo ƙauyuka yana yabon takin nan.

Jami'in bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Wa ke kula da gonar?” Aka nuna ni. Ya ce, “Samari, ƙasa ba ta yin haka ita kaɗai. Wani abu ya shiga fegin nan. Ba faɗa zan yi ba, so nake in san abin da zan rubuta.”

Na ji Baba ya gyara murya. Na san abin da zai biyo baya. Zai faɗa a gaban mai unguwa da mutanen kasuwa, za a yi dariya, kuma har ya mutu za a riƙa ba da labarin dattijon da ya saci jiki ya zuba wa gonar gwamnati kashin tattabara. Haushinsa nake ji a lokacin, haushi mai tsanani, amma wannan ban iya tsayawa in kalla ba.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ai…”

Na katse shi. Ban taɓa katse mahaifina ba sai ranar. Na ce, “Ni ne. Ranar zuba taki na rikita turakun, na zuba a nan ma. Na ji tsoro na ɓoye.”

Jami'in ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu gajere. Ya ce kuskure kowa yana yi, amma ɓoyewar ita ce ba ta tafiya da wannan aikin, domin mutanen da ba su taɓa ganin gonar ba da abin da muka rubuta za su yi aiki. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan rabin laifin nawa ne na kaina, ba aro na yi ba. Motar ta tashi kafin azahar. Gurbin aka ba wani yaro daga Balan.

Ni da Baba ba mu taɓa tayar da maganar ba. Na ci gaba da bin sa gona, ina gaishe shi yana amsawa, amma na riƙe shi a zuciya shekaru. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ko sannu bai ce mini ba. Na ɗauka a wajensa an yi an wuce, tunda gonarsa ba ta ji kunya ba.

Bayan rasuwarsa malamin gona ya zo mana ta'aziyya, ya tsufa, an daɗe da mayar da shi wani gari. Muna zaune a zaure ya tambaye ni ko Baba ya taɓa gaya mini zuwansa Gaya. Na ce wane zuwa? Ya ce washegarin awon, da hantsi, ya fito ya tarar da Baba zaune a ƙasa a ƙofar ofishinsu, ya tako tun daga ƙauye, shi da bai taɓa shiga ofishin gwamnati ba. Baba ya faɗi komai, har yawan kwandunan takin da ya ɗauka. Malamin gona ya ce masa bakin alƙalami ya riga ya bushe, takarda ta tafi da jami'in. Baba ya ce to a rubuta wata, a ce uban ne, a sa sunansa, in ɗauri ne a ɗaure shi. Aka yi masa bayani cewa ba a yin haka. Bai tashi ba har aka rufe ofis. Kwana uku yana zuwa yana zama a wurin, a na ukun ne ya roƙi malamin gona kada yaron ya ji.

Mu a gida ce mana ya yi zai je duba wani ɗan'uwansa marar lafiya, har Inna ta ɗaura masa fura ya kai.