Ranar da Ƙanena Ya Faɗi a Kwarin Kunya

Wahala dai mun sha ta a shekarun nan, ba wani abin faɗa mai daɗi a ciki. 'Yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Wagini, muka dawo cikin Batsari muna raɓe a gidan mutane, ni da iyalina da tsohuwarmu da ƙanena da nasa iyalin. Gonarmu tana can, ba mai zuwa. Sai na koma ƙwadago. Da yake na san masu gonaki, ni ke karɓo aiki in haɗa mutum bakwai ko takwas mu je mu yi.

Noman lokacin ba irin na da ba ne. Kana noma kana waiwayen daji, kuma kafin la'asar dole ka bar gona. Aikin kwana biyu a wuni ɗaya, ciki ba komai sai koko. Ta nan tiramol ya shigo mana. Mutum ya haɗiyi ƙwaya, sai ka ga hauya na gudu a hannunsa kamar ba shi ba.

Ban san ƙanena ya fara ba sai da na ga katin ƙwayar a aljihun rigarsa. Magidanci ne fa, da 'ya'ya uku. Na ƙona katin a gabansa, na rantse duk wanda na gani yana haɗiya ya bar cikin mutanena. Na sake samun wani, na sake ƙonawa. Daga nan ban ƙara gani ba, har na je na shaida wa tsohuwa ya daina.

Akwai wani dogo a cikinmu, mutumin Babban Duhu. Kowa ya san yana sha, ni ma na sani, na kau da kai ne don ba mai kama shi a noma. Wata rana muna wanke hannu ya ce min, "Maigida, ka bar ƙwace wa ɗan'uwanka. Wanda ake ƙwace wa, ɓoyewa yake ya haɗiye duka lokaci guda."

Na ce, "Yau kuma kai ne mai wa'azi? Je ka wanke idanunka tukuna."

Ya yi dariya ya ce, "An wanke, haka kalarsu take."

Ranar da abin ya faru muna maimai a wata gonar dawa kusa da Safana. Dawa ta kai ƙirji. Ƙanena ya ce zai kewaya. Muka kai ƙarshen kunya muka juyo, tasa kunyar tana nan inda ya bar ta. Na kira, shiru. Na bi sawunsa cikin dawa, na same shi rigingine a kwarin kunya, jikinsa na jijjiga, haƙora sun datse, kumfa a baki.

Abin da na sani shi na yi. A wurinmu in mutum ya sha guba, nono ake ɗura masa. Akwai ƙwaryar nono da muka saya wajen wata Bafillatana don furar rana. Na ce a kawo, na sa ƙotar ludayi zan buɗe haƙoransa. Sai dogon nan ya ture ni, nono ya zube.

Ya jira jijjigar ta lafa, ya naɗe masa ƙafa ɗaya, ya mirgina shi ta gefen dama, ya sa hannunsa ƙarƙashin kumatu. Fuskarsa na kallon gabas.

Ni kuwa haka na ga an kwantar da babanmu ranar da zai cika. Gefen dama, fuska gabas. Wani cikinmu har ya fara salati. Ban san lokacin da na wanka wa dogon mari ba. Na ce, "Da ransa kake shirya min shi?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Gabas ɗin ba ni na zaɓa ba, gangaren kunya ne. Matsa, kana tare min, ina duba numfashinsa."

Can sai amai, ya zubo ƙasa. Dogo ya share masa baki, ya ce a kawo babur. Muka sa shi a tsakiya, ni a baya ina riƙe da kansa, har asibitin Safana.

Malamin asibitin ba ɗan garin ba ne, turo shi aka yi aiki. Abin da ya fara ɗaure min kai, yana ganin dogo ya gaishe shi kamar sun saba. Ashe ranar kasuwa malamin yakan zauna da masu shan a gindin wata bishiya bayan tasha, ya koya musu abin da za su yi in ɗayansu ya faɗi. Ma'aikacin gwamnati, da 'yan ƙwaya, a tabarma ɗaya.

Da ƙanena ya farfaɗo, malamin ya ja ni waje ya tambayi abin da muka ba shi. Na ce nono na so in ɗura, aka hana ni. Ya ce, "Da ka ɗura, huhunsa zai tafi. Da yanzu wata maganar muke." Ya ce in bar ƙwacewa. Ya ce yankewa lokaci guda ma ciwo ne, in riƙa kawo shi su rage masa a hankali. Kafin nan kar ya sha shi kaɗai a inda ba mai ganinsa, kar ya haɗa da kodin.

Na ce, "Malam, wato in tsaya ina kallo yana sha?"

Ya ce, "Ban ce ya sha ba. Na ce kar ya mutu kafin ya daina."

Na koma ciki. Ƙanena ya ce, "Yaya, huɗu na haɗiya. So na yi in haɗiye duka kafin ka gani ka ƙona."

Sauran katin yana aljihuna, na tsince shi a kwarin kunya. In na ƙona, zai sayi wani ya shige dawa. In na miƙa masa, ni da shi wa ya fi wani laifi wajen Allah? Kuma me zan ce wa tsohuwa? Mutumin da nake raina wa hankali shi ya san abin yi, ni mai salla a sahun farko na tashi kashe ɗan'uwana da nono. Har yau ban gama warware wannan ba.

Washegari bayan asuba na hau babur zuwa Babban Duhu. Na sami dogo a ƙofar gida yana wasa hauya, kumatunsa bai gama sacewa ba. Muka gaisa, na ba shi haƙuri, na ce ya nuna min yadda ya yi.

Ya ce, "Sai ka kwanta, maigida."

Na cire hula na kwanta a ƙasa. Ya naɗe min ƙafa ya mirgina ni, sannan shi ma ya kwanta na yi masa, sau uku, yana cewa hannuna nauyi gare shi. Na karkaɗe riga na wuce Safana. Na zauna bakin gadon ƙanena na ce masa daga yau kunyarsa tana tsakanin tawa da ta dogo, kuma in abin ya ci ƙarfinsa, ya yi a inda nake ganinsa.