Sa Hannun Baba Tsaf

Da gyaran tafireta Baba Tsaf ya fara neman abinci. A makarantar mishan ya koya, a hannun wani Fada mai tsanani wanda ba ya karɓar aikin da babu sunan mai shi a jiki. Saboda haka duk tafiretar da ya gyara sai ya liƙa 'yar takarda a cikin murfinta: sunansa, kwanan wata, da abin da ya canza. Tsabtar aikin nan ce ta jawo masa laƙabin.

Da zamanin tafireta ya wuce ya koma kwamfuta, a ɗan shagonsa na ƙarƙashin matakalar wani bene. In faifan manhaja ɗaya na asali ya shigo gari, kafin mako ya mai da shi ɗari. An ce akwai dokar da ta hana, amma magatakardan kotu da kansa yake rungumo masa kwamfutar kotun, 'yan sanda ma nan suke kawo tasu. Ba wanda ya taɓa kiran abin sata. Shi kuwa bai bar ɗabi'arsa ba: inda manhaja ta nemi sunan mai ita nasa yake rubutawa, ya ƙara da kwanan wata.

Bayan rasuwar matarsa, autarsa ta ɗauke shi zuwa ƙasar da take aure. Mijinta injiniya ne mai ofishin zanen gini. Suka ba shi ɗaki a hawa na bakwai, kusa da na jikokinsa biyu, ya ce nan zai ƙarasa kwanansa. Abin da ya dame shi kawai zaman banza, ga harshen ƙasar ba shi ne wanda Fada ya koya masa ba.

Wata rana ana cin abincin rana Injiniya ya yi ta ƙorafin tsadar manhajar zane. A nan, in ji shi, kowace kwamfuta da lasisinta, kuma kowace shekara sai an sabunta. Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ba ka taho mana da kayan aiki ba?"

Ya taho da su kuwa, faifansa a naɗe cikin hankici. Ranar Asabar da safe surukin ya kai shi ofis a mota, ya haɗa masa shayi da hannunsa. Kwamfuta shida Baba Tsaf ya yi wa aiki kafin azahar, kowacce ya sa mata sunansa da kwanan wata. Rabonsa da farin ciki irin na ranar tun matarsa na da rai.

Bayan wata uku wasiƙar lauyoyin kamfanin manhajar ta iso. Ashe manhajar da kanta ta kai ƙara ta intanet. Masu bincike suka zo suka ga sunan tsoho a kwamfuta shida. Lauyan Injiniya ya yi bayani a fili: idan mai ofis ya sani, to takardar izinin aikinsa ta tafi, idan kuwa wani tsoho mai ruɗewa ne ya ɗauki mukulli ya shiga, tara kawai za a biya.

Auta ce ta kai shi wurin likita, ita ce kuma tafinta. Likita ya tambayi kwanan wata. Baba Tsaf ya faɗi rana da wata da shekara, ya dubi agogonsa ya ƙara da ƙarfe nawa. Auta ta juya ta yi wa likitan magana mai tsawo tana share ido. Sai da likitan ya dafa masa hannu irin yadda ake lallashin mara lafiya sannan ya gane abin da ake ciki.

A gaban masu binciken Baba Tsaf ya ce, "Ni na yi aikin. Surukina ne ya kai ni, har shayi ya ba ni." Auta ta fassara wannan da kalma uku.

A mota ta ce ya yi haƙuri, gidan ne da makarantar yara take tsoron su rasa. Injiniya bai ko waiwayo ba ya ce:

"Wa ya aike ka ka rubuta sunanka, Baba? Ko ɓarawon kaji ya san ba a barin suna."

Aka biya tara, ofis ya tsira. Takardar zaman Baba Tsaf ce aka ƙi sabuntawa, tunda sunansa ya shiga fayil. Auta ta aika wa ƙanensa kwafin takardar likitan don dangi su san dalilin dawowarsa, ƙanen kuwa ya bi gida-gida da ita yana neman a taya su jaje.

Da Baba Tsaf ya dawo gida ya tarar mai gyaran waya ya gaje shagon. Ya kafa tebur a barandar ƙanensa ya jera faifansa, amma wa zai miƙa kwamfutarsa ga mutumin da likitan ƙasar waje ya tabbatar kansa ya taɓu? Labarin kwafin manhaja bai dami kowa ba, dariya ma aka yi wa ƙasar da ke gurfanar da mutum a kan faifai. Mai gyaran wayar kan ɗaga masa hannu ya ce ya kawo kan a goge a zuba masa sabuwar manhaja. Sabon magatakardan kotu ta gabansa yake wucewa da kwamfuta, ya kai wa mai wayar, a sa masa irin wannan kwafin, ba suna ba kwanan wata.

Kowane farkon wata Baba Tsaf yakan rubuta wa jikokinsa wasiƙa, shafi biyu cif, da rubutunsa na mishan mai tsayuwa a kan layi. Bayan ta biyar Auta ta bugo waya. Ta gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa, sannan ta rage murya ta ce lauya ya ga wasiƙun, kuma ba su yi kama da na mai ruɗewa ba.

"In dole sai ka rubuto, Baba, kada ka sa kwanan wata. Kuma don Allah kada ka sa hannu."