Faifan Tagullar Malam Badaru

Malam Badaru ba ya riƙe abu a hannu bai ɗaga shi ya duba ta hasken rana ba, ko ganyen kuka ne, ko ɓawon gyaɗa. Shekara ashirin da biyu ya yi a ɗakin hoton ƙirji na wani asibiti a ƙasar Daura, yana ɗaga hotunan mutane haka, har hannun ya saba.

Shekara uku bayan an ƙaddamar da Shari'a, 'yarsa Siddiƙa ta kwanta. Tana tari, tana ramewa. Ya ɗauke ta hoto, ƙirji ya fito fes. Ya sake. Likita ya ce ya bari, hasken injin nan ba abin wasa ba ne. Ko ya bari, ni dai, duk da abotarmu, ban tambaye shi ba.

"Ciwon yana nan," ya ce da ni a zaurensa a Zango. "Ƙanƙanta ya yi, injin ba ya ganinsa."

Sai ya shiga tara gilasan tsofaffin tabarau, daga Zango har Dutsi. Ya jera su cikin bututun famfo, yana so ya tattara hasken injin wuri guda, kamar yadda ake ƙona takarda da gilashi a rana. Wata biyu yana gwaji a kan ƙwayar gero. Hoton yakan fito kamar bai sa komai ba.

Ɗan ƙanwarsa Munzali, mai koyar da kimiyya a jami'a, ya zo dubiya. Ya jujjuya bututun.

"Kawu, wannan hasken gilashi ba ya lanƙwasa shi. Ratsawa yake ya wuce."

"To su masana can da me suke kama shi, sarkin boko?"

"Da wani ɗan faifai mai zobba ɗaruruwa, wani cikin wani. Kowane zobe ya fi silin gashi siranta sau dubu."

"Allura fa, ba za ta zana su ba?"

Munzali ya dubi ƙasa. "Kawu, mu kai ta Kano."

"An kai ta. Su ma ba su ga komai ba."

Washegari ya karɓo faifan tagulla wurin Ya'u maƙeri, ya wasa allurar ɗinki. Kullum bayan La'asar yakan zauna a ƙofar ɗakin Siddiƙa yana zana zobba, ita kuma tana ƙirga masa daga kan tabarma. In zoben ya karkace sai ta ce, "Baba, wannan ai ƙwai ne." Ya yi dariya, ya juya mata baya na ɗan lokaci.

Ta ƙirga masa har arba'in da ɗaya. Ranar wata Laraba, da hantsi, muka kai ta makwancinta.

Ya ƙara shekara shida a duniya, yana zuwa gona, yana zuwa masallaci. Ban sake ganin ya ɗaga wani abu ga rana ba.

Bayan rasuwarsa matarsa Rahmatu ta aiko min da faifan a naɗe cikin tsumma, allurar a soke. Na ƙirga da kaina. Na arba'in da biyu ya tsaya a rabi.