Salular da Injiniya Shap-Shap Ya Ɗaure a Ƙarƙashin Sitiyari

Ko zan manta da duk motar da na taɓa sa wa hannu a shekarun da na yi ina aikin rewaya a Jimeta, ba zan manta da ranar Larabar da Madam Rahila ta faɗo garejinmu na Limawa da takalmi ƙafa ɗaya ba. Tunda ciyaman ɗin ƙungiyarmu ya ce in yi wa waɗanda muka yaye yau magana, wannan labarin zan ba ku. Wanda ya tsargu ya yi haƙuri, in ya ga dama kuma kada ya yi.

Saboda iyaye da baƙin da ke nan, rewaya shi ne mai aikin wutar mota. Makanike nasa inji ne, namu wayoyin da ke cikin bonet da bayan dashbod. A wurinmu mutum yana farawa ɗan koyo, in an yaye shi ya zama janiman yana aiki a ƙarƙashin wani, in ya buɗe rumfarsa a kira shi oga. Matakai uku ke nan. Babu na huɗu mai suna injiniya. Amma a lokacin da nake ba ku labari, akwai wani a tsallaken titinmu da ya ba kansa wannan muƙamin, har ya sa aka rubuta a allo: Injiniya Shap-Shap. Wata takwas ya yi yana koyo ya gudu. Da haƙori yake feɗe waya, da baƙar leda yake naɗe ta, fiyus in ya ƙone sai ya cusa masa takardar sigari. Amma fa mutane layi suke yi a wurinsa, don kafin ka gama cin rake ya tayar maka da mota. Ni kuwa Tela suke kirana, wai ina zama ina yi wa waya ɗinki.

Mista Bulus, mijin Madam Rahila, hedimasta ne a wata firamare, mutumin wajen Numan, yana zaune a Luggere. Dattijo ne mai tsabta, biro uku a aljihun gaba. Yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya wadda hannu goma suka riga suka yi wa ɓarna kafin ta zo gare shi. A shekarar da mutanen Mubi da Michika suka gudo suka cika Yola, motar ba ta huta ba, don gidansa cike yake da 'yan gudun hijira, shi ke kai wannan asibiti, ya ɗauko wa wancan buhun masara. Ya kawo mini ita wata safiya, wai fitila tana mutuwa in ya taka birki, kuma yana son a sa masa abin hana sata, don satar mota ta yi yawa.

Na ɗaga bonet na ga abin takaici. Wayoyi kwance a kan inji kamar taliyar da ta zube, wata ta narke a jikin bututun hayaƙi. Na ce masa, "Hedimasta, wannan ba faci take so ba. Sai an kwance wayarin gaba ɗaya an sake bi da shi. Kwana uku."

Ya ce, "Kwana uku, Bappa Buba? Mutum sha tara ne a gidana. Wancan yaro ya ce awa biyu."

Raina ya ɓaci. Na rufe bonet na ce, "To ai ga titi nan, tsallaka."

Ya tsallaka kuwa. Bayan kwana biyu sai ga shi ya dawo yana murmushi, wai in zo in ga fasaha. Na leƙa ƙarƙashin sitiyari. Jama'a, abin da na gani! Wata 'yar salula mai tocila ce aka buɗe bayanta, aka zaro wayoyi biyu daga cikinta, aka ɗaure ta da robar tayar keke a jikin sandar sitiyari. Gefenta ga wani ƙunshi a baƙar leda, girmansa ya kai burodi, ga batirin babur a ƙarƙashin kujera, ga wayar wutar gida ja da baƙa ta ratsa ta huda ta shiga bonet. Wai in ɓarawo ya gudu da motar, sai hedimasta ya kira lambar salular, ita kuma ta taɓa rile, wato ɗan makunnin da wuta ke buɗewa da rufewa, rile ya yanke wa famfon mai wuta, mota ta mutu. Injiniya ya ce masa irin wannan ake yi a ƙasashen waje.

Na yi dariya har sai da na dafa ƙofa. Na kira maƙwabtana makanikai suka zo suka taya ni. Filaya tana aljihuna a lokacin, minti biyu ya isa in yanke tarkacen nan in zubar. Ban yanke ba. A raina na ce bar shi, ranar da ta mutu masa a kan gadar Binuwai da rana tsaka zai san Tela ya fi Injiniya. Ya yi mini sallama ya tafi yana jin daɗi.

To, ku da kuke nan a lokacin kun san abin da ya biyo baya. Bam ya tashi a garin nan, aka kwashi gawarwakin mutanen da muka sani. Daga nan kowace ƙofar kasuwa da masallaci da coci aka sa masu bincike. A buɗe but, a ɗaga bonet, a leƙa ƙarƙashin kujera. Mutum in ya ga leda a yashe sai ya canja hanya. Kuma kowa ya ji cewa da salula ake tayar da abin. Ni ma na ji. Wallahi ko sau ɗaya motar hedimasta ba ta faɗo mini a rai ba.

Ranar Larabar nan, wajen ƙarfe sha ɗaya, Madam ta shigo tana haki. "Bappa, ka taimake ni, za su kashe Baban Grace! Sun ce bam ne a motan!"

A hanya ta ba ni labari. Mijinta ya je sayen hatsi, wani ɗan banga a bakin kasuwa ya sunkuya cikin motar ya ga salula tana ƙifta wuta, ga wayoyi, ga ƙunshi. Ya kurma ihu. Masu gudu suka gudu, waɗanda ba su gudu ba suka jawo dattijon nan ta taga suka rufe shi da katako da duwatsu. Da ƙyar jami'an tsaro suka ƙwace shi. Ya faɗa musu wanda ya yi aikin, aka je aka tambayi Injiniya. Gwanin naku ya dafa ƙirji ya rantse bai taɓa ganin motar ba, bai san wani Bulus ba, shi ko salula ma bai iya buɗewa ba. Suna juya baya ya garƙame rumfa, wai an yi masa rasuwa a Gombe. Mutumin da ke cika baki zai iya yi wa jirgin sama wayarin!

Mun iso an zagaye motar da igiya, titi fayau, jama'a can nesa suna leƙe. An zaunar da Mista Bulus a bayan motar jami'ai, rigarsa ta rine, fuskarsa ta kumbura har ban gane shi ba sai da na ga birukan. Shirin da ake yi shi ne a fasa motar a inda take, shi kuma a wuce da shi. A kwanakin nan wanda aka tafi da shi da sunan bam, iyalinsa ba sa sanin ranar dawowarsa.

Na nuna katin ƙungiya, aka kai ni gaban wani sufeto mai kula da kwance bam, mutum mai sanyin magana. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba bam ba ne, haukan rewaya ne. Na san abin da ke ciki." Na karɓi biro na zana masa a bayan kwali: ja daga batirin babur zuwa salula, biyu daga salula zuwa rile, daga rile zuwa famfon mai.

Ya ce, "Kai ka haɗa?"

"Allah ya kiyaye. Gani kawai na yi, sati uku da suka wuce."

Ya ɗago ya dube ni. "Ka gani, a garin nan, a wannan lokacin, ka bar shi ya tafi da shi?"

Ni da bakina ba ya mutuwa a gareji, sai ga ni ina kallon takalmina.

Ya sa rigarsa mai nauyi ya je ya duba da madubi, ya dawo ya ce wayoyin da ya iya gani sun bi yadda na zana, amma ƙunshin ledar nan bai yarda da shi ba. Na ce ragowar waya ce, don Injiniya ba ya auna tsawo, abin da ya yi saura dunƙule shi yake yi ya tura ciki. Sufeto ya ce, "Tunda ka tabbata, kai za ka buɗe."

Na yi bismilla na tsallaka igiya. Na kwanta a ƙasan sitiyari, gumi yana shiga mini ido, na warware leda ɗaya, biyu, har biyar, ta ƙarshen ma da ragowar manja a jikinta. Ciki waya ce ta kai kamu goma a cukurkuɗe, da rile guda ɗaya na tsohuwar mota. Na ɗaga musu sama suka gani.

Sufeto ya ce saura a tabbatar da amfanin abin, don a rubuta a rahoto. In tayar da mota in zauna a ciki, su kira lambar. Madam ce ta karanto ta daga salularta. Na murza makulli, inji ya kama. Aka kira.

Sai hon ya ɗauka, fiiiii, waifa ta hau share busasshen gilashi. Jama'ar da ke nesa suka zube a ƙasa, wani ya bar takalmansa. Inji kuwa ko tari bai yi ba, yana ta aikinsa lafiya lau. Ashe gwanin bai ma gane wayar famfon mai ba, kan wayar hon ya ɗora. Wato da ɓarawo ya saci motar, iyakar abin da fasahar za ta yi shi ne ta taya shi korar mutane daga hanya. Jami'ai suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ni na waiwaya na ga hedimasta, ko motsi bai yi ba, ashe bai ma ji hon ɗin sosai ba.

Aka sake shi da la'asar, aka wuce da shi asibiti. Ni na ja motar zuwa Limawa. Na cire kan batir, na sauke dashbod gaba ɗaya. Kowace waya na bi ta da fitilar gwaji daga tushe zuwa ƙarshe, na manna mata takarda da sunanta. Abin da na yanke na zubar ya cika bokitin fenti. Na sake jan wayoyin ta gefen bango, nesa da zafin inji da fanka, kowane haɗi na ɗiga masa dalma, na zura su cikin tiyo, na kama su da maɗauri. Inda suke ratsa ƙarfe su shiga ciki na sa roba don kada ya ci su. Kowane fiyus na mayar da na ƙa'idarsa. Kwana ukun da na faɗa tun farko, su ɗin na yi.

Sai bayan wata guda ya zo karɓa, Madam ce ta riƙo shi. Na ɗaga bonet ina yi masa bayani, ga wannan, ga wancan, duk mai bincike in ya leƙa zai ga komai a fili. Ya taɓa hannuna ya ce, "Bappa, dawo ta dama. Wannan kunne ya tafi."

Na zagayo. Ya daɗe yana kallon cikin bonet ɗin, sannan ya ce, "Aiki ya yi kyau. Na gode." Sai ya ƙara da cewa, "Ka san ranan da na kawo maka ka gani, da ka yi dariya har ka kira mutane? Ni na ɗauka abin ya burge ka ne. Na je gida na gaya wa Madam, ko Bappa Buba ma ya yaba."

Ba da faɗa ya faɗa ba, ko kusa. Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Injiniya ya dawo daga ta'aziyyarsa bayan ƙura ta lafa, har da ƙiba. Ƙungiya ta kira shi, ya ce ai shi ba ɗan ƙungiya ba ne, kuma gaskiyarsa ce. Yau haka yana can wajen Alkalawa da allo wanda ya ninka na da, an ƙara masa "ƙwararre a kan kwamfutar mota". Mutane suna nan suna layi. Masu mota ba su canja ba, har gobe awa biyu ta fi musu kwana uku, kuma irinsa ba za su ƙare a sana'ar nan ba. Na raina shi a da, na raina shi yanzu, zan kuma mutu ina raina shi.

Amma ku da aka yaye yau, ku ji abin da na koya. Mai mota bai san abin da ke bayan dashbod ba, amana ya ba mu, kuma shi zai amsa tambaya a kan abin da muka ɓoye a wurin, ba mu ba. Shi Injiniya jahili ne, bai san abin da ya ɗaura ba. Ni na sani. Saboda haka in aka kawo muku aikin banza, ku zagi wanda ya yi shi yadda kuke so, ni ma zan taya ku. Amma ku fara yankewa tukuna. Minti biyu ne, kuma filayar tana aljihuna ranar nan.