Lambobi Shida da Baba Ya Ba Baƙo

"Ai sallama ya yi min, har ya ce yaya shanu," in ji Baba, da na tambaye shi me ya sa ya karanta wa baƙo lambobin da suka shigo wayarsa.

Jiya da na je wurinsa a Nariya na tarar an yi masa kutse a waya, ana ta roƙon abokansa kuɗi da sunansa. Mutumin da ko allura bai taɓa roƙa ba!

Na ce, "Baba, OTP ke nan, lambar sirri ce ta amfani sau ɗaya. Ko ni kada ka ba ni."

Sai ya ce, "Yanzu mai sallama ma ɓarawo ne?"

Kullum ina koyar da ma'anar PIN da OTP a Rano, amma na manta da mahaifina. Don Allah, me zan amsa masa?