Saura Ɗaya

Kawuna, yayan mahaifiyata, a tashar mota ya girma. Da kiran fasinja ya fara tun bai san ciwon kansa ba, ya zama kwandasta, har Allah ya ba shi sitiyari. Ko motar wayam take, zai leƙo ta taga yana ihun "saura ɗaya!" Shi ya sa sunan ya bi shi, hatta matarsa idan ya ɓata mata rai da shi take kiransa. Surutu kam sai ka ce rediyo, amma duk tsawon tuƙinsa ko akuya bai taɓa bugewa ba.

Furfura ta soma fito masa ke nan mai motar ya sayar da bas ɗin. Sauran masu motoci kuwa samari suke so. Kawu ya zauna a gida, zaman kuma ya ci shi. Da sassafe zai yi wanka, ya kafa hula, ya fito ƙofar gida ya zauna, ba inda za shi. Matarsa ce ke riƙe da gidan da keken ɗinkinta. Ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma ina ganin shirun nata ya fi gorin yi masa ciwo.

Sai aka ji wata makarantar yara na neman direba. Da yake ni a ofis nake aiki, na sha ganin yadda masu neman aiki ke kashe kansu da bakinsu, sai na zaunar da shi.

"Kawu, kada ka makara. Ka kashe waya kafin ka shiga. Idan sun tambayi tsohon maigidanka, ban da zagi."

"Ko da ya cancanta?"

"Ko da ya cancanta. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa, ban da labarin hanya. Maganar albashi kuma ka bari su fara."

"To 'yata, bakin nawa a gida zan bar shi ke nan?"

Ya ji magana kuwa. Shi da kansa ya ba mu labarin yadda aka yi, bai rage komai ba. Ya riga maigadi isa ƙofa. A ofishin shugabar makarantar bai zauna ba sai da aka nuna masa kujera. Da ta tambaye shi tsohon maigidansa, ya haɗiye abin da ke bakinsa ya ce, "Mutumin kirki ne, ranki ya daɗe." Ta duba lasisinsa, ta gyaɗa kai, ta ce saura gwaji.

Suka shiga bas ɗin makaranta, ita a kujerar gaba. Ya gyara madubi, ya ɗaura bel, ya ja mota a hankali kamar ƙwai ya ɗauko. Ya ce har ya ga ta saki jiki ta jingina.

Sai suka iso shatale-talen bakin kasuwa, inda ya yi shekaru yana lodi. Mutane tsaye cike da gefen titi, kowa da kayansa. Kawu ya rantse bai san lokacin da hannunsa ya fita ta taga ba. Ya bubbuga ƙofa, ya danna oda, ya gangara gefe.

"Saura ɗaya!"

Wata mata mai kwando har ta kama ƙofa kafin hankalinsa ya dawo.

Shugabar ba ta ɗaga murya ba. "Malam, yara ƙanana za ka riƙa ɗauka. Amanar iyayensu ce a wuyana. Ka yi haka ina zaune a gefenka, ranar da ba na nan fa?"

Ya ba da haƙuri, ya yi rantse-rantse. Ta ce su koma, za a neme shi. Na ji haushinta a ranar, amma tsakani da Allah ban ga laifinta ba.

Da ya gama ba mu labari ya dube ni. "'Yata, bakin ya riƙe karatunki tsaf. Hannun ne ba ki koya wa ba."

Muka yi dariya, har shi. Matarsa dai ba ta yi ba. Ta ce, "Hali zanen dutse," ta ci gaba da taka kekenta.

Ba a neme shi ba. Bayan ɗan lokaci ya gaji da zaman ƙofar gida ya koma tasha ɗan kamasho, yana cika wa yaran da shi ya koya wa tuƙi mota.

Rannan da safe na bi ta wajen zan tafi aiki, na ji muryarsa tun daga nesa, ba abin da ya rage mata. Na tsaya inda ba zai gan ni ba, zuciyata ba daɗi. Motar ta cika, ya rufe ƙofa, ya bubbuga gefenta ya ja da baya. Direban ya ja suka tafi, shi kuma ya tsaya yana kallonta har ta fita daga tasha.